Nikon Coolpix P950 a Dausayin Haɗeja da Nguru: Yadda Take Ɗaukar Mazari da Tsuntsayen Ruwa

Kyamarar Nikon Coolpix P950, wadda ta shigo kasuwa a farkon shekarar 2020, an ƙera ta ne domin mutumin da ke son ɗaukar hoton abin da ke nesa ba tare da ya yi dakon gilasai masu nauyi da tsada ba. Gilashinta a manne yake da jikinta, ba a cire shi, amma yana tafiya daga milimita 24 har zuwa milimita 2000 bisa ma'aunin da masu hoto suka saba da shi, wato ninki 83 ke nan tsakanin farkon zum (jawo abin da ke nesa ya zo kusa) da ƙarshensa, alhali nauyinta gaba ɗaya, har da batir da kati, giram 1,005 ne. Na yi aiki da ita a dausayin Haɗeja da Nguru cikin hunturu da kuma ƙarshen damina, ina bin halittu iri biyu waɗanda buƙatunsu suka saɓa wa juna: tsuntsayen ruwa, da ba su yarda a matso su, da kuma mazari, wanda yake yarda a matso shi amma ƙanƙantarsa ke wahalar da kyamara. Abin da na tabbatar shi ne, wannan kyamara ce ta abin da ya sauka ya zauna cikin haske mai kyau, kuma wanda ya san halin abin da yake ɗauka zai samu daga gare ta fiye da kuɗin da ya biya.

Wurin da kansa jarrabawa ce mai tsanani ga kowace kyamara. Dausayin ya samu ne inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tsakanin jihohin Jigawa da Yobe, kafin su haɗe su zama Komadugu Yobe da ke gangarawa Tafkin Cadi. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka shigar cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, sannan Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, dubban agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da suka tsallako Sahara daga Turai da Asiya suna sauka a nan, su cuɗanya da na gida, irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela da zakaran ƙeƙuwa. Sai dai tun bayan da aka gina madatsun ruwan Tiga a 1974 da Challawa a 1992, yanayin ambaliyar shekara-shekara ya sauya, ciyawar kacala ta cinye hanyoyin ruwa da dama, kuma ga mai ɗaukar hoto ma'anar wannan ita ce sau da yawa tsuntsun yana can bayan shingen ciyawar da ta fi mutum tsawo, ba ta ratsuwa da ƙafa, ba ta ratsuwa da kwalekwale. A irin wannan wuri, tsawon gilashi shi ne ke raba wanda zai dawo da hoto da wanda zai dawo da labari.

A nan P950 ta cika alkawarinta. Garken kirinjijiya da ke hutawa a kan tsibirin yashi, wanda ido ke gani kamar baƙin layi a ƙarshen ruwa, idan aka tura zum zuwa ƙarshe sai ya rarrabu ɗaya bayan ɗaya: ga farar fuska, ga baƙin ƙeya, ga ƙirji mai launin jan ƙasa, ga siraran ratsin fari da baƙi a gefen jiki, har ana iya bambance manya da 'yan bana waɗanda fuskarsu ba ta gama yin fari ba. Tagar leƙenta, wadda ke da ɗigo miliyan 2.36, ta fi ta magabaciyarta P900 nesa ba kusa ba, kuma wannan gyara ne mai amfani ƙwarai, domin a tsakiyar ruwa da rana allon baya ba ya ganuwa sosai saboda ƙyalli. Akwai kuma wani ɗan maɓalli a gefen gilashin da nake ganin ya fi dukkan sauran daraja ga mai bin tsuntsu. A ƙarshen zum, abin da kyamarar ke gani ɗan ƙaramin yanki ne na duniya, tsuntsu na gusawa kaɗan ya ɓace. Da an danne maɓallin sai gilashin ya ja da baya ya nuna fili, a sake gano tsuntsun, da an saki kuma ya koma inda yake. Wanda ya taɓa neman zalɓe guda a cikin kacala ta dogon gilashi zai san yawan lokacin da wannan ke tsera masa.

Amma domin a samu irin wannan zum a cikin jiki mai nauyin kilo ɗaya, dole aka ƙanƙantar da farantin da ke karɓar haske, wato sensa. Nata mai megafiksel 16 ne, faɗinsa milimita 6 da 'yan kai, tsayinsa kuwa wajen milimita 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Haka kuma ƙofar haske, wadda ke buɗewa har f/2.8 a farkon zum, tana tsukewa zuwa f/6.5 a ƙarshensa. Waɗannan abubuwa biyu su ne tushen kusan duk iyakokin kyamarar, kuma ya kamata mai saye ya fahimce su tun kafin ya ba da kuɗinsa. A kan ISO, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, daga 100 zuwa 400 hoton yana fita tas, gashin tsuntsu yana rarrabuwa; daga 800 zuwa sama sai tsaki-tsaki ya fara shiga, kyamarar ta yi ƙoƙarin goge shi, ta haɗa da ƙananan zanen gashin ta goge. Ana iya kai ta har 6400, amma hoton da zai fito a nan na shaida ne kawai cewa an ga tsuntsun. Wannan yana da nauyi a Nguru, domin lokacin da tsuntsaye suka fi walwala shi ne bayan asuba kafin rana ta ɗaga, kuma a hunturu hazo kan jinkirta hasken har hantsi. A ranakun da hazo ya yi kauri, launi yana dusashewa, bambancin fari da baƙi yana raguwa, kuma da yake kyamarar da wannan bambancin take neman saiti, wato daidaita gilashi har hoto ya fito da kaifi, sai ta riƙa kai da komo kafin ta kama. Da rana ta take kuma wata matsalar ta taso, wadda ba ta kyamara ba ce: iskar da ke kan ruwa da yashi tana zafi tana rawa, duk abin da ke nesa ya zama dishi-dishi, ko da gilashin miliyoyin naira ne. Lokacin aikin P950 a dausayi, a ganina, daga fitowar rana sosai ne zuwa wajen ƙarfe goma, sai kuma bayan la'asar.

Fararen tsuntsaye suna buƙatar kulawa ta daban. Balbela ko babban farin zalɓe a gaban ciyawa mai duhu kan sa kyamarar ta ƙara haske, farin ya ƙone ya zama fili babu zane, kuma ƙaramin sensa ba shi da sararin dawo da abin da ya ƙone. Maganin shi ne a rage haske da mataki ɗaya, wato a rage rabinsa, kafin a ɗauka. P950 tana ajiye hoto ɗanye, wato RAW, abin da P900 ba ta yi, kuma wannan yana ba da damar gyara launin hazo da ɗaga inuwa a kwamfuta daga baya, ko da yake tana ɗaukar lokaci kafin ta gama rubuta shi a kati.

Game da tsuntsu a sama kuwa, maganar gajeriya ce. Tana ɗaukar hoto 7 a daƙiƙa, ta tsaya bayan 10 ta numfasa, kuma saitinta ba ya bin abin da ke gudu. Dinya ko zalɓe da ke tafiya a hankali a sararin sama za su kamu idan aka rage zum, amma garken agwagi da ya tashi ba zato, ko tsuntsu mai kamun kifi da ya sulmiyo cikin ruwa, sai dai sa'a. Wanda wannan ne burinsa ya nemi wata kyamarar.

Inda ta ba ni mamaki shi ne wajen mazari, kuma a nan nake son in daɗe, domin ba da shi ake tallata ta ba. Mazarin da na fi bi shi ne irin mai zama a kan tsinke, wanda ba ya yini yana shawagi. Namijin yakan zaɓi kan busasshen kara, ko tsinin ganyen kacala, ko gefen ganyen bado, ya zauna yana juya kai; sauro ko ƙuda na giftawa sai ya zabura ya cafke shi, wani namijin na shigowa sai ya kore shi, sa'annan ya dawo kan wannan karan dai da ya bari. A gaɓar Nguru wanda aka fi cin karo da shi shi ne wanda masana ke kira Crocothemis erythraea, namijin ja wur tun daga ido har wutsiya, mai faffaɗan ciki da ɗan tabon ruwan zuma a gindin fiffiken baya, macen kuwa rawaya-rawaya mai duhu. Akwai Trithemis annulata, wanda jikinsa ke da launin shunayya, jijiyoyin fiffikensa ja, yana zama da fikafikai a sunkuye gaba. Akwai kuma Sympetrum fonscolombii, matafiyi ne da ake samu a Afirka da kudancin Turai da Asiya, wanda a wasu shekaru yake kaiwa har Ingila. Dukkansu tsawonsu bai wuce santimita 4 zuwa 4 da rabi ba.

Kyamarar tana da saitin kusa da ke kama abu daga santimita 1, amma a farkon zum kaɗai yake aiki haka, kuma babu mazarin da zai zauna a kawo masa gilashi mai faɗin milimita 67 a bakin hanci, ga inuwar mai hoto ta rufe shi. Hanyar da ta fi ita ce a yi amfani da zum ɗin tsuntsu a kan ƙwaro. A ƙarshen zum, mafi kusan tazarar da take iya saiti mita 5 ce, kuma daga wannan tazara faɗin abin da take gani bai fi santimita 9 ko 10 ba, ke nan mazari da buɗaɗɗun fikafikansa yana kusan cika hoton alhali mai ɗauka yana tsaye can nesa, bai shiga taɓo ba, bai girgiza ciyawa ba. Idan aka sassauta zum zuwa tsaka-tsaki, tana yarda a matso zuwa taku uku ko huɗu, haske ya ƙaru, hoton ya fi kaifi, kuma a nan na samu mafi kyawun abin da na ɗauka. Wani dattijo mai kwalekwale da ya ga mazarin da nake nufa ya tashi, ya ce da ni, "Malam, kada ka bi shi, riƙe karan, yanzu zai dawo." Dabarar ke nan gaba ɗayanta. A saita a kan karan, a kulle saitin ko a mayar da shi na hannu ta ɗan garejen da ke gefen gilashin, a jira. Jinkirin saitin kyamarar, wanda ke cutar da mai bin tsuntsu a sama, a nan ba shi da wani tasiri, domin an riga an gama saitin kafin mai zaman ya iso.

Akwai abu biyu da ya wajaba a kiyaye. Na farko, a ƙarshen zum daga mita 5, zurfin abin da ke fita da kaifi bai fi santimita ɗaya da ɗoriya ba, saboda haka idan mazarin yana fuskantar kyamara, ido zai fito amma wutsiya ta narke. Dole a zagaya a hankali har jikinsa ya yi daidai da fuskar gilashin, daga gefe ko daga baya ta sama. Na biyu, jan Crocothemis yana da ƙarfin da ke cika sensa, ya fito kamar an shafa fenti babu gaɓoɓi. Rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki yana dawo da zanen cikin. Idan an kiyaye waɗannan, sakamakon yana da ban sha'awa. A wani hoton Sympetrum fonscolombii da na ɗauka da hantsi, rana tana bayana, ana ganin jajayen jijiyoyin da ke gaban fiffike, da ɗan tabon ƙarshen fiffiken mai launin rawaya da baƙin gefe, da rabin idon na ƙasa mai shuɗi-shuɗi, da siraran ƙayoyin ƙafa da yake kama abinci da su, bayansa kuwa ruwan ya narke ya zama kore mai laushi. Waɗannan alamomin su ne ainihin abin da ake bambance shi da sauran jajayen mazari, kuma kyamarar da ta iya nuna su ta yi aikin da mai son sanin halitta yake buƙata. Da tsakar rana ma, lokacin da tsuntsaye suka lafa kuma nesa ta yi dishi-dishi, mazari yana nan, wani lokaci ya ɗaga wutsiyarsa sama tana nuna rana domin ya rage zafin da ke dukan jikinsa, kuma a tazarar 'yan mitoci rawar iska ba ta ɓata komai. Da haka kyamara guda take cike wa mutum yininsa, safiya ga tsuntsu, rana ga mazari, ba tare da ya buɗe jaka ya sauya gilashi cikin ƙura ba.

Mazari a sama ya fi ƙarfinta, musamman irin Pantala flavescens da ke yawo garke-garke a ƙarshen damina ba ya sauka. Mai son hoton ido da fuska ƙuru-ƙuru kuma zai buƙaci ƙarin gilashin kusa da ake maƙalawa a gaba, irin Raynox DCR-150, ya fita da sanyin safiya lokacin da raɓa ta hana ƙwaron tashi.

Na'urar hana rawar hannu da ke cikin gilashin, wadda kamfanin ya auna da mataki 5.5, ita ce ta sa milimita 2000 ke ɗaukuwa a hannu. A tsaye a kan gaɓa, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ido a manne da tagar leƙe, tana riƙe hoton sosai. A cikin kwalekwale lamarin ya bambanta, domin kowane dannan gora yana karkata jirgin, kuma ko numfashin wanda ke zaune a baya yana isa ƙarshen zum. Saitin da aka tanada domin abin hawa mai motsi yana taimakawa, amma abin da ya fi shi ne a roƙi mai jirgin ya soke gorar a taɓo ya tsayar, ko ya cusa hancin jirgin cikin ciyawa, a kuma ɗaga saurin ƙiftawar kyamarar zuwa 1/1000 na daƙiƙa idan haske ya yarda. Sanda mai ƙafa uku ba ta da amfani a jirgi, a taɓo kuma nitsewa take yi. Mai ƙafa ɗaya ta fi dacewa da wurin.

Jikin kyamarar ba a toshe shi daga ruwa da ƙura ba, kuma wannan abin lura ne ga na'urar da gilashinta ke fita yana komawa a kowane zum, a ƙasar da hunturu ke cusa ƙura ko'ina. Ina ajiye ta cikin jakar leda mai zif duk lokacin da ake tafiya a babur ko a jirgi, ina share bututun gilashin da burushi mai laushi kafin in kashe ta. Batirinta, EN-EL20a, ƙarami ne, an auna shi da hoto wajen 290, kuma yawan zum da bidiyo suna rage wannan adadi. Ana cajinsa a cikin kyamarar ta igiyar caji, saboda haka wanda zai kwana a ƙauyen da wuta ba ta da tabbas ya tanadi batura biyu ko uku da cajar waje. Allon baya mai inci 3.2 yana juyawa kowane ɓangare, abin da ke ba da damar sauke kyamarar daidai da fuskar ruwa a ɗauki zakaran ƙeƙuwa ido da ido, amma ba a sarrafa shi da taɓawa.

Bidiyonta na 4K ya fi yadda na zata, kuma sau da yawa 'yan daƙiƙoƙi na zalɓe yana sanɗar kifi sun fi hoto ɗaya bayani. Abin da ya ragu daga P900 shi ne na'urar gano wuri, wadda yanzu sai an haɗa kyamarar da waya ta manhajar SnapBridge kafin hoto ya ɗauki wurin da aka yi shi. Ina ganin wannan ya cancanci wahalar haɗawar, domin darajar irin waɗannan hotuna ba ta tsaya ga kyau ba. Shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta, ya dogara ne da 'yan sa-kai masu rubuta abin da suka gani da inda suka gan shi, haka ma ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowane Janairu. Hoton mazari mai kwanan wata da wuri, idan aka ɗora shi a iNaturalist, shafin intanet na masu lura da halittu, masana za su iya tantance irinsa daga ko'ina a duniya, kuma mazarin arewacin Nijeriya yana cikin halittun da ke buƙatar ƙarin masu lura.

Idan aka jera ta da 'yan uwanta, P1000 ta 2018 ta kai milimita 3000, amma nauyinta ya haura kilo 1.4 kuma sensa iri ɗaya ce, ƙarin tsawon kuwa galibi rawar iska ce ke cinye shi a dausayi. Sony RX10 IV tana da sensa mafi girma da saiti mai bin tsuntsu a sama, sai dai ta tsaya a milimita 600, kuma farashinta ya ninka na P950, wadda aka fitar a kan kusan dala 800. Kyamara mai sauya gilashi za ta fi duka kyawun hoto, amma kafin a kai ko rabin wannan tsawo an kashe kuɗin da yawancin ɗalibai da malamai da ma'aikatan gandun daji ba su da shi, kuma su ne mutanen da na fi so in ga wannan kyamara a hannunsu.

Da yake mafi yawan waɗanda za su same ta a Kano ko Abuja ta hannu za su saya, akwai abin dubawa kafin a biya. A tura zum daga farko zuwa ƙarshe sau da dama, a saurari ko akwai ƙarar yashi ko tsayawa a hanya, domin gilashin shi ne kyamarar, gyaransa kuma kan yi kusa da kuɗin wata. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a ƙarshen zum, a buɗe shi a kwamfuta a nemi baƙaƙen tabo, waɗanda ke nuna ƙura ta shiga inda ba a iya sharewa da hannu. A haska fitilar waya cikin gilashin a duba ko akwai farin zare-zare na danshi, a gwada ɗan maɓallin ja da baya da garejen gefe, sannan a nemi a ga batirin asali tare da murfin gilashi da hular kare rana da ke zuwa cikin kwalinta.